Ƙugiyar Jan Tirela

A filin sayar da motoci, wata dattijuwa ta shimfiɗa kwali a bayan wata ƙatuwar jif, ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashinta. Tabarau na rataye a wuyanta da zare. Tafin hannunta ya yi kaushi, irin na wadda ba ta jiran a ɗaukar mata kaya. Ko kallon fenti ba ta yi, ƙugiyar jan tirela take ta girgizawa.

"Mama, wannan ta yi miki girma," in ji dillalin. "Ga ƙarama can."

"Ƙaramar za ta ja tirelar kujerun haya ɗari biyu da rumfuna, ta kwashi jikoki biyar?"

"To, wa zai tuƙa?"

"Da ɗana ne ke tuƙawa, ubansu. Ya rasu." Ta faɗa a taƙaice, kamar wadda ta gaji da amsa gaisuwa. "Ƙannena sun ce in sayar da tirelar in zauna. Su dai su zauna."

Ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta hau da ƙyar, ta jawo kujera har ƙafarta ta kai birki.

"Ɗan nan, kawo makulli. Ko ka koya mini yin baya, ko ka kauce."