Buhun Geron da Abokina Ya Kasa Ɗagawa

Shekarun baya, lokacin da yaƙin Turawa ya yi zafi har kananzir ya zama abin labari, ina sabon malami a makarantar elementare ta Kankia. Dukiyata a lokacin ita ce farar riga, keken aro, da kuma tabbacin cewa duk abin da aka buga a littafi ya fi abin da aka gada. Jikina kuwa, in na tsaya a gefen allo, sai yaro ya lura sosai kafin ya bambanta malam da sandar nuni.

Abokina mutumin Bauranya ne, can ƙasar Kusada. Tare muka yi karatun allo kafin boko ya ɗauke ni. Shi ɗan kokawa ne, irin wanda in kaka ta yi makaɗi ke bin sa gari gari. Shi kaɗai ne namiji mai jini a jika a gidansu, ga tsofaffi biyu, ga mata da jariri, duk a wuyansa.

Gardamarmu ta samo asali ne daga wani littafin motsa jiki da na tsinta a kabad ɗin makaranta, cike da hotunan Turawa masu gashin baki da gajeren wando. Littafin ya ce uwar ƙarfi ita ce mutum ya ɗora nauyi a kafaɗa, ya tsugunna, ya miƙe. Da na karanta wa abokina, sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Malam, wanda ya tsugunna ai uzuri ya kai shi," in ji shi. "Ƙarfi daga ƙasa ake ɗauko shi. Ka duƙa, ka kama, ka miƙe. Hannu ya yi aiki, baya ya yi, ƙafa ta yi. Kai kau naka sai an ɗora maka, kamar jaki."

Na ce masa masana ne suka rubuta. Ya ce masanan su zo fili. Daga ƙarshe muka yanke cewa kowa ya bi hanyarsa har damina ta wuce. In an girbe gero, ranar kasuwar Kankia, za a ajiye buhu cike a ƙasa, kowa ya ɗauka ya kai kafaɗa ya taka da shi zuwa gindin tsamiya. Ba a ce sai na fi shi ba. In dai mai jiki irin nawa ya kai buhun, littafi ya yi gaskiya.

A maƙera na samu wani dogon ƙarfe na motar gyaɗa da ta mutu a hanya. Na rataya garwa cike da yashi a kowane gefe. Kullum bayan la'asar ina can ina tsugunno ina miƙewa, maƙeri na hura zugazugi yana yi mini addu'ar samun lafiyar ƙwaƙwalwa. In abokina ya shigo gari, sai ya biyo ya ɗaga ƙarfen daga ƙasa yana ba maƙeri labarin farashin awaki.

A nan wani baƙo ya same mu. Mutum ne tsaf tsaf, da kwat ɗin kaki a kan riga, bakinsa na Kano. Ya ce wucewa yake yi, amma wucewar tasa ta ɗauki kasuwa bayan kasuwa. Ya zauna a kan kututture yana kallo. Rannan ya tashi ya matsa damtsen abokina, ya zagaya ya dubi bayansa, sannan ya ce, "Samari, ɗan wane gida ne kai? Akwai irinka da yawa a garinku?"

Abokina ya faɗa masa komai, har da sunan unguwa. Mai ƙarfi ba ya jin yabo ya yi shiru.

Ni dai tafin hannun baƙon na kalla. Sumul, babu kanta ko ɗaya. Mai irin wannan hannu ba ya tambayar ƙarfi don kansa. A shekarun nan kuwa ana ɗiban maza ana kai su haƙar kuza a Jos, ba da sonsu ba. Umarni kan zo daga sama a ce ana son mutum kaza daga ƙasa kaza, kuma ba gurgu ake nema ba. Wani maƙwabcinmu ya dawo da tarin da bai bar shi ya ga damina ta gaba ba. Wasu ko tarin nasu ba a ji ba.

Da na ba mahaifiyata labari, ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Ragon da ya fi ƙiba shi ake fara ja ranar Salla. Kai aikin gwamnati ya rufa maka asiri. Shi wa zai rufa mashi? Ku kun ga wasa, wani ya ga kaya."

Washegari na hau keken aro na nufi Bauranya. Na tarar da shi a gona yana ɗaure dami. Na gaya masa zargina, na ce mu fasa.

Ya dube ni ya daɗe. "Malam, cinyar ce ta gaza?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"To me ya sa ba ka ga ɗan kuza ba sai da rana ta matso? Ku 'yan boko in za ku gudu sai kun yi wa gudun suna."

Abin ya yi mini ciwo, musamman da yake akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, don buhun gero ya fara zuwa mini a mafarki. Na zargi baƙo, abokina ya zarge ni, ni kuma a hanyar dawowa na fara zargin kaina.

Ranar kasuwa ta zo. Labari ya riga ya bazu cewa ɗan boko zai kara da ɗan kokawa, don haka har masu tallan nono sun sauke ƙwarya sun matso. Makaɗin abokina ya zo da gangarsa. Mahaifinsa ma ya zo a kan jaki. Can a inuwar tsamiya, inda za a sauke buhu, ga baƙon nan a tsaye, hannu a aljihun kwat.

Ni na fara. Ba zan ce na ɗauki buhun ba, sai dai in ce mun yi sulhu da shi. Na jawo shi zuwa gwiwa, na tsugunna a ƙarƙashinsa, na miƙe da ikon Allah da na cinya. Na isa tsamiya ina tangaɗi kamar sabon ɗan maraƙi, aka yi ta shewa.

Aka dawo da buhu. Makaɗi ya saki ganga, ya fara kirari. Abokina ya fito ya tofa yawu a tafi, ya duƙa ya kama. Na ga ya ɗaga ido ya dubi tsamiya. Baƙon ya ciro hannu daga aljihu ya matso gaba. Sai abokina ya juya ya dubi tsohonsa a kan jaki.

Buhun ya taso har gwiwa, cikin sauƙin da ni kaɗai na lura da shi. Sai ya sake shi tim, ya dafe ƙugu, ya ƙwalla ƙara: "Wayyo bayana!" Ya zube a ƙasa.

Ganga ta tsaya a tsakiyar kirari. Wani mahauci ya ce, "Ashe ƙaton kabewa ne!" Wata tsohuwa ta ce alli ya kada gero. Dariya ta tashi, irin wadda ba ta ƙarewa a kasuwa, sai ta bi mutum har gida.

Baƙon ya zo ya tsaya a kansa. "Tsohon ciwo ne?"

"Tun ina yaro," in ji abokina, fuska a ƙasa. "Yakan tashi."

"Allah ya sawwaƙe." Ya juyo gare ni, ya dube ni daga hula har takalmi. "Malam, koyarwa kake, ko?" Na ce eh, da saurin da ban taɓa amsa wata tambaya da shi ba. Ya ce, "To," ya bi ta cikin 'yan goro. Ba mu sake ganinsa ba.

Kafin rani ya yi nisa aka ɗebi mutane daga ƙasar Kusada, babu abokina a ciki. Amma kuma sai muka ji wai wani attajirin gyaɗa na Kano ya aiko a nemo masa ƙarti masu loda buhu, da abinci da wurin kwana da lada mai kyau. Wasu suka ce baƙon yaronsa ne. Wasu suka rantse sun gan shi a zauren da aka tara mutanen kuza. Kowa da shaidarsa, kuma kowane mai shaida daga wani ya ji.

Abin da na sani shi ne, ƙarya tana son a ciyar da ita. Dole abokina ya yi ɗingishi har rani ya fita. Bai shiga fili ba a shekarar, makaɗinsa ya koma bin wani, kuma sunan da ya zube a kasuwar Kankia bai sake tashi kamar da ba. Ya dai yi noma a gonarsa, ya binne iyayensa da hannunsa, ya aurar da jaririn nan.

Har yau ban san ko na cece shi ba ne ko na cuce shi. Abin da ya rage mini shi ne hali: in baƙo ya yabi ƙarfin wani a gabana, sai in ji ina son sanin wanda ya aiko shi.

Game da gardamar kuwa, da tsufa ya fara koya mini abin da littafi bai faɗa ba, na je har Bauranya na same shi a zaure. Na ce na yi tunani, tsugunno na da amfaninsa, amma ɗagawa daga ƙasa ta fi haɗa jiki duka, don haka shi ne da gaskiya.

Ya dube ni da irin kallon da ya yi mini a gona.

"Malam, me kake nema?"

Na ce babu komai.

"To riƙe abinka," in ji shi. "A gaban kasuwa ka ci. Ba za ka maido mani da shi a zaure ba, inda ba kowa sai akuya."