Butar da Na Ɗaura wa Jan Ƙyalle

Safiya, jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ba ma da dare ba ne, bayan sallar asuba ne da na koma na ɗan kishingiɗa, kin kuwa san abin da ake faɗa a kan mafarkin wannan lokacin. An ce mafarki ba a ba wa kowa shi sai masoyi, shi ya sa na zaɓe ki, duk da na san bakinki ba ya ajiya. Wannan karon dai ki rufa min asiri.

Sai na fara da abin da na daɗe ina ɓoye miki, in ba haka ba ba za ki gane kan mafarkin ba. Tun da na yaye Ilham wasu ƙuraje ke fito min a gaba. Ƙaiƙayi ne ke fara zuwa, sai zafi kamar an barbaɗa barkono, in zan yi fitsari sai na cije leɓe. Su yi 'yan kwanaki su bushe, in ce alhamdulillahi, can kuma su dawo ba sallama. Na sha maganin sanyi har na gaji, na zauna a ruwan bagaruwa. Ranar da na jawo wa kaina ita ce ranar da na ɗauki waya na shiga bincike, na ci karo da cutar da ake kira hapis. Wai ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, in ta shiga jiki kuma ta shiga ke nan, sai dai ta kwanta ta tashi. Daga ranar barcina ya ƙaura.

Na je asibiti, an ɗebi jini, an ce babu. An goga auduga a wurin an kai ɗakin gwaji, an ce babu. Likitar mace ce mai kirki, ta ce gwajin audugar ya fi kamawa in ƙurajen suna ɗanye. Ni kuwa kafin ranar zamanta ta zagayo sun riga sun bushe, kuma ban yarda namiji ya duba ni ba. Ta ce wataƙila sabulu ne ko turaren tsuguno. Na daina duka, su ba su daina ba. Na canja asibiti, can ma babu. Wallahi na tsani kalmar nan. Kowa murna yake yi in an faɗa masa ita, ni kuwa da ita nake dawowa gida ina kuka, don ni nake jin abin da ke jikina.

Da abin ya ishe ni, na tambayi Abban Ilham ko akwai abin da ya kamata in sani. Washegari ya je aka gwada shi, ya dawo ya ce min babu, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Tun daga nan ya koma min kamar baƙo mai ladabi: sannu da aiki, Allah ya ƙara sauƙi, me za a sayo. Ni kuma don tsoron kada in shafa wa wani, na ware butata, na yagi jan ƙyalle daga tsohon ɗankwali na ɗaura mata a wuya. Likitar ta ce min ba a ɗauka ta buta, kunne ya ji, zuciya ce ba ta ji ba. In gaya miki gaskiya, jira nake ya gani ya ce, "Wane irin shirme ne wannan, Rakiya? Kwance." Ya gani, bai ce ba.

To ga mafarkin. Na gan ni a barandar asibiti, amma kujerun irin na ajinmu ne na sakandare, har da wadda muka sassaƙa sunayenmu a jiki. Mata ne cike, kowa sanye da farin hijabi, ba mai kallon wata. Wani mutum da ban ga fuskarsa ba yana tsaye da lasifika irin ta masu tallan magani a kasuwa, yana kiran sunaye. Duk wadda aka kira sai ya ce babu, sai a yi guɗa, ta tashi ta fita. Da ya zo kaina ya kira sunana da na mahaifina, ya ce babu, aka yi guɗar da ta fi ta kowa. Na ce, "Malam, to wannan da nake ji fa?" Bai juyo ba, ya kira ta gaba. Na duba hannuna sai na ga butar nan nake riƙe da ita, a cike, ƙyallen yana ɗiga.

Sai kawai na gan ni a gidan biki. Na fi zaton bikina ne, don leshin da na saka ranar kamu ne a jikina, amma ba wanda ya ɗauke ni amarya. An ajiye babban faranti na shinkafa, an zagaye shi ana ci. Kina wurin, Safiya, kuma ko a mafarki ba ki fasa halinki ba, nama kike tsincewa. Na zauna, na rasa inda zan ajiye butar, na ɗora ta a cinya. Duk inda na miƙa hannu sai shinkafar wurin ta ja da baya, ta bar min farantin fayau. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya harare ni, matsawa kawai ake yi a hankali ana ba ni wuri.

Can na hango Abban Ilham a ɗaya gefen tsakar gidan. Tsakanina da shi wata 'yar kwata ce da ko yaro zai tsallake. Yana sanye da shaddar da na fi so a jikinsa, yana murmushi. Na ce, "Abban Ilham, an ce babu fa." Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na ce, "To ka tsallako mana." Ya ce, "Me za a sayo?" Na ɗaga ƙafa zan tsallaka ni, sai kwatar ta buɗe ta zama kogi, ruwan ba ya motsi. Shi kuma yana nan tsaye bai daina murmushin ba. A nan na fara kuka, irin kukan mafarki da murya ba ta fita.

Sai kawai ga ni a gidanmu na dā, gindin rijiya. Inna tana zaune a kan turmi tana wanki, da ƙarfinta, ba kamar yadda ciwo ya mayar da ita ba kafin ta rasu. Har ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa na ji. Na durƙusa na ce, "Inna, ba ni da lafiya, kuma an ce lafiyata ƙalau." Ta dube ni, ta dubi butar, ta miƙo hannu ta ce, "Kawo." Na ce kada ta taɓa. Ta sake cewa, "Kawo," da muryar nan tata da ba a yi wa musu. Na ba ta. Ta kwance ƙyallen da haƙori kamar yadda take kwance bakin zani, ta zuba ruwan butar ta wanke fuskarta da shi, ta ajiye ta cikin butocin gida. Sannan ta kamo hannuna, ta sa min ƙyallen a tafi, ta dunƙule min yatsu a kai. Na ce, "In yi yaya da shi?" Ta koma wankinta.

Ina nan durƙushe sai na ji gudun ƙananan ƙafafu. Ilham ce ta shigo ta zaure, ita da ba ta taɓa ganin gidan ba, hannuwanta a buɗe tana dariya, ni ta nufo. Na buɗe nawa hannuwan, karon farko cikin watanni ban ji tsoro ba. Saura kaɗan ta iso sai wata murya ta ce, a hankali, ba faɗa, "A'a, kar ki taɓa. Ta Mamanki ce."

A nan na farka, matashin kaina jiƙe. Kuma muryar ba ta mafarki ba ce. Abban Ilham ne a tsakar gida, yarinyar ta je ta ɗauko butar tana wasa. Na leƙa ta taga na ga ya karɓe, ya mayar da ita lungunta, ya wanke wa Ilham hannu da sabulu, sannan ya wanke nasa. Ni na kafa dokar, na sani. Amma wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Safiya, ke da kika tashi a hannun kaka, taimaka min. Na taso ina jin cewa in mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne, in kuwa ya karɓa daga hannunka to akwai abin da za ka rasa. Inna ta karɓa, kuma ta bayar. Butar da ta karɓa, ciwon ta ɗauke min, ko gidana? Ƙyallen da ta damƙa min, in yar ne, ko nufinta in riƙe ke nan har abada? Kuma in na tashi yanzu na je na kwance shi da hannuna, kina ganin zai taɓa butar?