Ɗan Hantsi da Ƙafafun da Ba Sa Kai Yamma

An haifi marigayin a shekarar 1958, a wani gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana ɗinkin hannu, shi ne na biyu a wurinsu bayan yayansa.

Ƙuruciya da karatu

An sa shi firamare a 1965, kuma a shekararsa ta biyu aka lura cewa da safe yana tafiya da gudu kamar kowane yaro, amma da zarar azahar ta gota sai ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe ciki, ya dawo gida yana dafa bango. Washegari ya tashi garau. Saboda haka babu wanda ya gaskata shi. Yayansa yakan ce, “Ciwon nan naka ya san lokacin ɗebo ruwa,” kuma shi ya laƙaba masa Ɗan Hantsi. Ya bar makaranta a aji biyar.

Sana'a

Mahaifinsa ya zaunar da shi a shago, ya kore shi a 1974 bisa zargin lalaci, kuma uban ya rasu a kan wannan zato. Daga nan ya yi dako, ya yi gadi, ko'ina sallama ce ƙarshensa, har ya samu gidan burodi inda ake kwaɓi da asuba a tashi kafin rana ta take. Ya shekara talatin a bakin kwamin kwaɓi ɗaya.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1983. Matarsa ce kaɗai ba ta taɓa tuhumarsa ba, domin ita ke cire masa takalmi kullum da la'asar. Ya rasa ɗaurin aure da jana'iza da dama na dangi saboda an sa su da yamma, aka riƙe shi da raina zumunci.

Gano cutar

A 2011 'yarsa ta uku cikin 'ya'yansa ta fara irin wannan tafiya, ya kai ta babban asibiti, inda wata likitar jijiyoyi ta dubi uban fiye da yadda ta dubi 'yar. Ta bayyana masa cewa a cikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da ke sarrafa haɗa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin gaɓoɓi, kuma nasu mai rauni ne tun haihuwa, don haka abin da ya taru cikin barci ba ya kai su yamma. Ta rubuta musu ƙwayar magani ƙarama. Cikin mako guda ya taka da ƙafarsa bayan la'asar har gidan yayansa, domin a wanke sunansa. Yayan ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, “Ashe dai kana iyawa.” Ya zaro bayanin likita, yayan ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

Shekarun ƙarshe

Ya ci gaba da shan magani, ƙafa ta miƙe, amma bai sake yi wa kowa bayani ba. Yakan zauna a benci ƙofar gida, idan aka ce ya zagaya ya ga gari sai ya ce ya gaji, kuma wannan karon gajiya ce irin ta kowa.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Talata a 2019 bayan jinyar ƙoda, aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a ranar. Yayansa ne ya karɓi gaisuwa, yana cewa masu ta'aziyya, “Allah ya jiƙansa, ba shi da faɗa, sai dai bai son wahala.”

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: babbansu direba ne, mai bi masa tana koyarwa, ta ukun tana karatun jinya, na huɗu bai zauna a sana'a ɗaya ba tukuna, sai auta. Biyu daga cikinsu suna shan maganin. Babban kuwa ya ƙi zuwa asibiti, yana tare da baffansa a kan cewa babu wata cuta.