Hoton Da Muka Aika Wa Inna

Shekarar da kasuwar ma'adinin yuraniyom ta faɗi, kampanin da ke haƙarsa ya rage ma'aikata, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama. Muka bar gidan kampani mai famfo da lantarki, muka koma wani gidan ƙasa a bakin garin Arlit, kusa da rumfunan Buzayen da fari ya cinye wa dabbobi. Bai yi ƙorafi ba. Sai dai tun kafin mu tashi ya fara wani tari busasshe, wanda ba ya jin magani.

Yana da na'urar ɗaukar hoto, tsohuwa, mai nauyi kamar dutsen guga. Wajen wani Bature ya saye ta lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. A da can babu sunan da za a yi a unguwarmu bai ɗauki hoto ba. Da tawaye ya tashi, abin ya sauya. Ko a shingen soja ko a tasha, in aka ga mutum da irin wannan kaya sai ya yi dogon bayani, wani ma bayanin ba ya fitar da shi. Ya naɗe ta cikin tsohon zanena, ya sa ta can ƙasan akwatin ƙarfe, ta yi shekaru ba ta ga haske ba.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana ƙauyensu wajen Tawa. Hanya ba ta biyuwa a lokacin sai cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Wata rana wani direban babbar mota, ɗan garinsu, ya kawo saƙo. Ya ce labarin tarin ya kai kunnen Inna, ba ta cin abinci sosai. Ta ce ko ɗanta ya zo, ko ya aiko da hotonsa ta gani da idonta.

Zuwa ba zai yiwu ba, jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba, kuma bai so ta sani. Saura hoto. Ya fito da na'urar, ya sa babbar rigarsa, muka jera da yara jikin bango, maƙwabcinmu ya danna. Direban ya tafi da fim ɗin Agadas inda ake wankewa.

Da hoton ya dawo, na karɓa na duba. Bangon rawaya, farar rigarsa rawaya, fuskokinmu duka kamar masu ciwon shawara.

Maigidana ya ce, "Uwar yara, in Inna ta ga wannan, ai sai ta ce gidan gaba ɗaya ya kwanta."

Yana da aboki mai gyaran agogo a kasuwa, mutumin Damagaram, wanda ya taɓa zama a shagon masu hoto yana saurayi. Shi ya zo gida da 'yan kayan aikinsa cikin gwangwanin madara. Suka zauna ƙarƙashin rumfa, ni ina gefe ina hura gawayin shayi. Ya cire idon na'urar, ya kwance zobban da ke riƙe da shi ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba gilashi ɗaya ba ne a ciki, da yawa ne, wani bisa wani. Duk wanda ya ciro sai ya ajiye shi a kan farin ƙyalle, a jere, fuskar da ke sama tana sama, ya ce in ɗaya ya juya to aiki ya ɓaci. Ya goge su da auduga da alkol, ruwan nan na wanke ciwo. Wani hazo ya fita daga biyu cikinsu, ya ce man da ke cikin zobban ne zafi ya narkar. Amma na can baya, da ya ɗora shi a kan ƙyallen, launinsa kamar shayin zubi na uku. Ya goge, ya sake gogewa.

Ya ce, "Ba'adare, wannan ba datti ba ne. Cikin naman gilashin yake. Ina ka ajiye ta?"

"Cikin akwati."

"To ka gani. Ku mutanen Adar, in kuna son abu sai ku binne shi kamar albasa. Irin wannan gilashin duhu ne ke rina shi."

Maigidana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce Baturen ya taɓa gaya masa an haɗa gilashin da wani abu, dangin abin da suke haƙowa a rami. Mai agogon ya ce shi bai san wannan ba. Abin da ya gani da idonsa shi ne maigidansa na shago yana ajiye irinsa a bakin taga, rana ta yi ta dukansa har ya washe. Ba aikin yini ba ne, in ji shi, sai an yi haƙuri.

Nan wahalar take. Abu mai ƙyalli a kan soro, a irin wannan zamani, ana iya cewa alama ake yi wa 'yan tawayen da ke cikin duwatsu. Na ce su bar mini. Ina shanya tumatir a kan soro dama, ina sayarwa busasshe. Na samo takardar azurfa ta cikin kwalin shayi, na shimfiɗa ta tsakiyar faifai, na ɗora gilashin, na kewaye shi da yankakken tumatir. Duk wanda ya hango ni, mace ce da shanyarta.

Da hantsi nake hawa da shi, in sauko da shi kafin rana ta take tsaka, don kada zafi ya fasa shi, in sake mayarwa bayan la'asar. Ranar farko na dawo na tarar ya tara hasken wuri ɗaya ya ƙona faifan, har da ɗan hayaƙi. Daga nan na koyi karkata shi. Duk Juma'a nakan ɗora shi a kan farin ƙyalle in kai wa maigida. Ya ɗaga shi sama, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Da saura." Direban ya zo ya koma, ya sake zuwa, kowane zuwa da tambayar Inna. Muna cewa na'ura ce ta samu matsala, ana gyara. Gaskiya ce muke faɗi, amma ni na san tarin ma yana ƙaruwa.

Sai da tumatir ya ƙare a lambuna na koma shanya kuɓewa, sannan wata Juma'a maigida ya duba ya ce, "Ya yi." Gilashin ya yi fari kamar ruwan randa. Mai agogon ya zo ya mayar da kowane gilashi mazauninsa. Muka sake jerawa jikin bangon nan.

Wannan karon hoton ya fito tas. Bango da launinsa, zanena shuɗi, idanun yara suna sheƙi. Shi kuma a tsakiya, rigar ta yi masa yawa, wuyansa ya fito siriri daga cikinta, kumatunsa sun faɗa. Kullum ina tare da shi, amma ban ga ramar ba sai a takardar nan. Na ɗauka zai ce a ɓoye. Na ma fara cewa ko a sake wani daga nesa.

Ya ce, "A'a. Ta ce tana so ta gani da idonta. Ba ni da wani jikin da zan nuna mata." Ya miƙa wa direban da hannunsa.

Ayarin da ya biyo baya, muna tsakar gida ina tankaɗe, muka ji babbar mota ta tsaya a ƙofa. Direban ya yi sallama, ya shigo da ƙullin kaya a ka. Bayansa wata 'yar tsohuwa ce, ta dafa sanda, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota. Matar da ba ta taɓa wuce Tawa ba. Maigidana ya yunƙura zai tashi daga tabarma, ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Zamna abinka. Ni na taho."

Ta zauna kusa da shi, ta kama wuyan hannunsa ta zagaye shi da yatsunta biyu. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗiyata, kwance ƙullin ga, akwai gero. Ki dama mishi kunu, ni ka ba shi."

Na tashi na ɗora ruwa. Tun daga ranar ita ce ke ba shi abinci, har zuwa ƙarshen kwanansa.