'Yar tsana a cikin burodi

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, ina zaune a wani bene a Wuse da cikin fari. Maƙwabciyata 'yar ƙasar Meziko ce, mijinta injiniya. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" take ce masa, har ni. Ita ke raka ni awo in maigidana ya yi tafiya.

Bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki ta kawo mana wani burodi zagayayye kamar gammo, ta yanka min da hannunta, ta koma. Goggona da ta zo zaman jiran haihuwata tana gefe. Ina gutsura, haƙorina ya ci karo da abu mai tauri. Na zaro, sai ga 'yar tsana fara, siffar jariri, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

Goggo ta ja salati. "Kin gani ko? Mai ciki za a ba jariri a cikin abinci? So take ta shanye na cikinki."

Ni da digirina, ni da ake kira madam a ma'aikata, ban yi tambaya ko ɗaya ba. Na kwashi burodin na watsa wa maƙwabciyar a bakin ƙofarta. Kafin la'asar Goggo ta gama zaga benen da labari. Mata suka daina amsa gaisuwar maƙwabciyar, mai kawo mata kifi daga Kado ya ɗauke ƙafa.

Bayan sati biyu ta tare ni a matakala. "Kai, wannan Annabi Isa ne yana jariri, an ɓoye shi kar sarki ya kashe. A garinmu wanda ya samu, albarka ne. Shi zai dafa abinci wata mai zuwa, kowa ya ci. Ni na juya burodi don kai ya samu."

Da na gaya wa Goggo, taɓe baki ta yi, ta ce to su ci kayansu. Wannan taɓe bakin har yau yana ƙona min rai. Amma haushin kaina ya fi, don na san gaskiya kuma ban bi ƙofa ƙofa na wanke ta ba, kamar yadda aka bi aka ɓata ta. Wai kunya nake ji.

Kafin in haihu maƙwabciyar da mijinta suka tashi daga gidan. Ranar suna na sa aka dafa abinci, aka raba wa duk benen. Kowa ya ci, ban da ita.