Saƙon Raju zuwa Bakin Kogin Ganga

Hoton na fara gani kafin in san mai shi. An liƙa shi a gilashin wata motar kaya, rana ta cinye launinsa: matakala ce mai faɗi ta gangara cikin kogi, mutane tsaye a ruwa har ƙugu, ƙananan fitilu suna yawo kewaye da su. Ni da na girma ina ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin katifa, nan take na ƙulla labari a kaina, har da budurwar da ke jiran wani a mataki na ƙarshe.

Mai motar Raju ne, Ba'indiye mabiyin addinin Hindu. Daga Jidda yake kawo wa kantinmu na unguwar Misfala a Makka darduma da mayafai. Tun da ba Musulmi ba ne ba ya shiga Makka, sai mu haɗu a wani fili kafin shingen Shumaisi in juye kayan a motata. Shekara shida muna haka. Da guntun Larabcinmu na kasuwa ya gaya min babu wata budurwa a hoton. Banaras ce, garin ziyararsu a bakin kogin Ganga, inda mahaifiyarsa take. Da mahaifinsa ya rasu kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya hana shi tafiya, alhali a al'adarsu ɗa ne ke kunna wutar ƙona gawa. Tun daga ranar ta ce ba ta da ɗa. In ya kira, sai ta tashi ta bar wurin.

Da ya ji zan raka Kawu Isa Delhi a yi masa aikin gwiwa, ya kawo min farin mayafi na ulu a leda, in kai mata.

"Sadiƙ, ta dai karɓi waya," in ji shi, don haka yake kirana, aboki da Larabci. "Ko zagina za ta yi, in ji muryarta."

Kudai zuwa Delhi

Ƙarfe huɗu da kwata, kafin kiran asuba, muka bar gidan Kawu a unguwar Kudai. Inna, matarsa, ta biyo mu har bakin tasi ta cusa min ledar dabino da ƙunshin kilishi a jaka. Direban ɗan unguwar Jarwal ne haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Riyal ɗari biyu ya ce, bai rage ko ɗaya ba.

"Wai har wani gari za ka wuce saboda uwar wani?" in ji Kawu daga kujerar gaba.

"Amana ce, Kawu."

"Amana, ko dai zato kake za ka tarar da 'yan mata suna rawa a cikin ruwa kamar a fim?"

Direba ya bugi sitiyari. "Wallah ya ammi, ka kama shi!"

A shinge aka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, muka isa filin jirgin Jidda shida saura, kilomita kusan ɗari. Jirgi ya tashi ƙarfe goma. Awa biyar da rabi Kawu yana matse min hannu duk lokacin da gwiwar ta motsa. Mun sauka Delhi da magariba, cikin sanyi da hazo mai warin hayaƙi.

Kwana tara na yi a kan kujerar asibiti. Shinkafa da miyar wake safe da yamma. Dabinon duk na rabar wa masu jinya. Ran na goma Kawu ya fara takawa da sanda, ya dube ni ya ce, "Kwana biyu na ba ka. In ka ƙara, ka nemi wani kawun."

Delhi zuwa Banaras

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe shida na safe, wai zai isa ƙarfe biyu. Hazo ya sa yana rarrafe, sai bayan biyar muka shiga. Kilomita ɗari bakwai da wani abu ban ga komai ta taga ba sai fari. Na cinye lokacin ina tsara jawabin da zan yi wa tsohuwar, shafi uku, irin wanda jarumi ke yi a babi na ƙarshe kowa ya fashe da kuka.

Shafiƙ ne ya tarye ni, maƙwabcin su Raju, Musulmi mai a-daidaita-sahu. Ya yi shekara takwas a Riyad, Larabcinsa ya fi nawa. Ya kai ni wani masauki a unguwar masaƙa, rufi ɗari takwas na kuɗinsu kwana, bargon yana warin danshi. Ya ce da hantsi ba a samun tsohuwar. Sai dai da fitowar rana, a bakin kogi.

Matakalan wanka

Bayan sallar asuba muka taka da ƙafa, minti ashirin cikin lunguna da mutum biyu ba sa jerawa. Sau uku muka raɓe bango saniya ta wuce. Sai lungun ya ƙare, kogi ya buɗe.

Ba haka yake a hoto ba. Matakalan suna da santsi, ga laka, ga ruɓaɓɓun furanni, ga ƙararrawa ta ko'ina. Tsofaffi suna shiga ruwan sanyin nan haƙoransu na kaɗawa, su nutse su ɗago, su ɗebi ruwa a tafin hannu su ɗaga wa rana. Can gefe hayaƙi yana tashi, Shafiƙ ya ce in mai da wayata aljihu, wurin ƙona gawa ne, ba a ɗaukar hoto. Hanyarmu da tasu daban, amma gajiyar fuskokin nan na san ta. Kullum ina ganin irinta a kan alhazan da ke jan ƙafa ta ƙofar kantinmu.

Tana zaune a wani mataki, 'yar ƙarama, cikin farin zane, ta gama wanka tana jiran rana ta busar da ita. Na durƙusa kamar yadda ake gaida iyaye. Shafiƙ ya gaya mata daga inda nake. Na miƙa mayafin, ta ajiye a gefe ko ledar ba ta buɗe ba. Na laluba jawabina a kaina, babu ko layi ɗaya.

A nan na yi ɓarnar. Kunya ce ta kama ni, na zo gaida tsohuwa daga uwa duniya ba tsarabar kaina. Na zura hannu a jaka, abin da ya rage na ciro, na buɗe na ɗora mata a cinya. Na san Raju ba ya cin nama, na kuma ga shanun da muka ba hanya. Amma a kaina, bayan kwana goma sha ɗaya ba barci, kilishi kilishi ne kawai, abin da ake ba mutumin da ake girmamawa.

Ta ɗauki yanki ɗaya ta shinshina.

"Wannan mene ne?" in ji Shafiƙ a hankali.

"Kilishi. Naman sa ne, mai kyau."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ya fizge ƙunshin ya tura cikin rigarsa yana waige-waige. "Kai mahaukaci ne? So kake a kashe mu a nan? Ni ina da 'ya'ya huɗu!"

Bai fassara mata ba, amma ta gane. Ta miƙe, ta sake gangarawa mataki-mataki, tana dafa gwiwa, ta koma cikin ruwan sanyin da ta fito. Sau uku ta nutse. Ni kuwa ina durƙushe ina jin wayar a aljihuna. A Jidda ƙarfe huɗu da rabi ne, na san Raju yana zaune a mota yana jira.

Da ta hawo tana rawar ɗari, ta tsaya a kaina ta yi magana.

"Ta ce, abin da ɗanta yake ci ke nan a can?" in ji Shafiƙ.

"A'a! Wallahi a'a. Ka gaya mata laifina ne ni kaɗai. Shekara shida muna zama a inuwar mota, ni in ci namana, shi ya juya min baya da gurasarsa da wake. Har tsiya nake masa."

Shafiƙ ya faɗa mata. Ta sake tambaya.

"Wa yake dafa masa?"

"Shi da kansa. Wani lokaci shayi kawai."

"Ta ce, ya rame?"

Na so in ƙawata amsar. Ban iya ba. "Ya rame ƙwarai. Bel ɗinsa sau biyu yana ƙara masa huda."

Ta zauna. Sanyi ya ci ƙarfinta, ta jawo ledar ta yage, ta lulluɓa da mayafin. Sannan ta miƙo hannu, ba ta dube ni ba. Na danna lambar na sa mata wayar a tafi.

Babu kuka, babu rungumar waya. Faɗa ta kama yi da ƙarfi, har masu wanka suna juyowa. Minti goma sha ɗaya. Na tambayi Shafiƙ me take cewa.

"Tana koya masa yadda ake dafa wake da man shanu. Ta ce tun yana yaro wawa ne."

Kilishin, Shafiƙ ya ƙulle shi a leda uku muka ci a ɗakinsa da ƙofa a rufe. Ya ce yaji ya yi yawa, ya cinye fiye da rabi.

Komawa

Washegari na koma Delhi, awa goma. Na ba Kawu labari ya yi dariya har mai jinya ta leƙo. "Ka tafi neman fim ka kusa dawowa a makara," in ji shi. Bayan mako biyu muka sauka Jidda da la'asar, muka shiga Kudai ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Shafiƙ da ya rufa min asiri, da Inna da har yau take cewa kilishinta ne ya yi aikin. Na kwana biyu ban fita kanti ba.

Raju ya ƙara shekara ɗaya ya tattara ya koma gida. Ya sayi ƙaramar motar kayan gwari, yakan turo min gaisuwa da Sallah. Bayan shekara huɗu, wata safiya ina buɗe kanti, hotonsa ya shigo wayata ba rubutu. Ya yi ƙiba har da tumbi, kansa aske ƙwal kamar wanda ya sauke umra. Na kira shi ina tsokana, na ce ina gashin.

"Ɗan da zai kunna wa mahaifiyarsa wuta, aske kansa ake yi, sadiƙ," in ji shi. "Jiya ne. Ina kusa da ita."