Ƙafata da aka tono a Yendi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, har wasu sun ɗauka an yanke bakin tare da ƙafar. Yana nan, kuma yau zai yi aiki.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Ramatu mai albasa ta Bawku. Ina kai albasa Salaga in dawo da doya. A kasuwar Salaga na taka ƙusa, ban ji komai ba sai jini da na gani a takalmi. Ashe ciwon suga ya daɗe a jikina ban sani ba. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da ciniki.

Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. A hanyar gida zazzaɓi ya kayar da ni, aka sauke ni Yendi, gidan yayata Adisa. Ƙanena Sulemana ya taho daga Bawku ya kai ni asibiti. Aka ɗibi jini, aka ɗau hoto, kullum wankin ciwo ina ihu. Katin inshora bai ɗauki komai da komai ba, albasata ta tafi a magani.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Mma, ƙafan nan ya mutu. In mun bar shi, zai tafi da ke."

Na ji tsoro, na yi kuka, na sa hannu. Aka yanke ta ƙasan gwiwa.

Mu ba ma barin naman jikin Musulmi a asibiti. Sulemana ya karɓi ƙafar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne ta a gefen maƙabarta. Shi kaɗai ya je, don duk masu bakin nan ba wanda ya taka Yendi.

Bayan na koma Bawku abin ya fara. Ƙafar da babu ita ke ciwo. Yatsu su dunƙule kamar an matse su da filaya, tafin ƙafa ya ɗau wuta, in kai hannu in sosa sai in sosa katifa. Na ɗauka haukacewa zan yi.

Kuskuren da aka yi shi ne zancen ya fita tsakar gida. Kawunmu Alhassan ya ce ƙafar da aka binne daidai ba ta kuka, ko dai a lanƙwashe aka sa ta, ko ba a binne ta ba sam. Matan zango suka ƙarasa masa. Wai Sulemana ya sayar da ita ga masu tsafin kuɗi, ai ga sabon moto, wato babur, a ƙofar gida. Moton da ya saya tun ina tafiya da ƙafa biyu.

Na ce ƙarya ne, na rantse, aka ce zafin ciwo ke sa ni surutu. A kasuwar shanu aka daina ba Sulemana dabba ya sayar. A masallaci mutane suna matsawa daga sahunsa. Yaron da ya wanke min ruɓaɓɓiyar ƙafa da hannunsa.

Kawu ya kafe sai an tono. Suka tafi Yendi, aka miƙa wa Sulemana shebur. Yaya Adisa ta ce ya yi ta tono har ya kai ga ƙyallen. Ga ƙafar nan a miƙe, yadda ya ajiye ta. Ya ɗago ya ce, "Kawu, ka gani? Ko in buɗe ka ƙirga yatsun?"

Ya mayar da ƙasa, ya hau motonsa ya wuce Salaga. Ni kuwa ciwo ko gezau.

Da na koma Yendi a duba dungun, na faɗa wa wata ma'aikaciyar motsa jiki, ina jiran ta yi min dariya. Ba ta yi ba. Ta ce da yawa daga waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Jijiyoyin da aka datse suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta yarda ƙafar ta tafi ba. Ta ce, "Ciwon gaskiya ne, amma ba a kabari yake ba. Yana nan jikinki."

Ta ɗauko dogon madubi ta jingina tsakanin cinyoyina, lafiyayyar ƙafar ta fito a ciki kamar ita ce ta hagun. Ta ce in kalla in motsa yatsu a hankali. Na ce a raina, na baro bokayen zango na faɗo hannun na asibiti. Amma na yi, safe da yamma, tare da maganin jijiya da likita ya rubuta, da ɗaurin bandeji, da shafa dungun. Wata rana ina kallo sai na ji yatsun nan sun buɗe.

Yanzu ina da ƙafar roba, na koma kan albasata. Ciwon yana leƙowa in hadari ya haɗo, amma ba ya hana ni barci. Alhamdu lillahi. Yaya Adisa da ma'aikatan asibiti, Allah ya saka muku da alheri.

Mai suga, ka riƙa duba tafin ƙafarka, ko ƙaya ce ka je asibiti. Wanda aka yanke wa gaɓa yana jin ta, ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ka faɗa wa likita ka nemi a koya maka aikin madubi. Kada ka bari a tono komai.

Ku kuma 'yan uwa da mutanen zango, na san kuna karantawa. Kun zo min barka, kun ci tuwona, ba wanda ya tambayi Sulemana. Har yau yana Salaga, yana loda doya a motar wasu. Na kira shi na ce ya dawo gida, ya ce, "Yaya, wane sahu zan tsaya?"

Ku da kuka matsa, ku je ku ba shi amsa. Ni da ƙafa ɗaya na je Salaga, ku biyu-biyu gare ku.